Rigar Tseren da Kaka Ya Goge

Fall River,
8 ga Afrilu

Zuwa ga jikata Delfina,

Gaisuwa mai tarin yawa daga kakanki, da fatan kin isa Burlington lafiya, motar nan taki mai tari ba ta ajiye ki a hanya ba. Ni lafiyata ƙalau, sai shirun da gidan ya yi tun da kuka watse bayan Ista.

Fina, har yau murna ba ta sake ni ba. Tun ranar da kika faɗa mana a kan tebur cewa kin samu shiga gasar ƙasa ta tseren agogo a watan Yuni, babu wanda ya tsira daga bakina a unguwar nan. Na faɗa wa mai gidan burodi, na faɗa wa mai kawo wasiƙa, na tare Fada a ƙofar coci na faɗa masa sau biyu. Odília, wadda muka yi aiki tare a masana'anta, ta ce, "To wa za ta tsere wa, in ita kaɗai ake saki a hanya?" Na ce mata ɗaya bayan ɗaya ake sakinku, kilomita arba'in a kan keke, kowa da agogo yake yi. Ta ce, "Agogo ai ba ya hawa keke, Amâncio." Na ce shi ya sa ba ya gajiya.

Ga dalilin wannan ƙunshin. Kin manta rigar tserenki a kan igiyar banɗaki, matsattsiyar nan mai haɗe da wando. Na kai ta bakin taga na duba. Ɗinkin ba laifi, ba zan zalunce su ba. Amma hannuwan da kafaɗun, Fina, duk ƙananan kunyoyi ne a jere kamar gonar dankali. Shekara arba'in da shida na yi ina guga a masana'antar kwat, ban taɓa barin riga ta fita da hannu irin wannan ba. Aikin da ba a gama ba aka ba ki, ke kuma ba ki lura ba, domin babu wanda ya koya muku duba kaya.

Na gama musu aikinsu. Kwana biyu ya ci mini. Ƙyalle mai laima a sama, wuta ƙasa-ƙasa, tururi kaɗan-kaɗan. Yadin akwai taurin kai, amma na fi shi. Ko zare ɗaya bai ƙone ba. Shafa ki ji, santsi kamar faranti. Yanzu iska ba ta da inda za ta kama ki.

Ki ba ni amsa a takarda. Kin san injinan tururi sun cinye mini kunne, waya ba ta da amfani a wurina. Kuma ban zauna a benci a ɗakin ƙasan coci ina ɗan shekara arba'in da huɗu, kowace yamma bayan aiki, ina koyon baƙaƙe, don in mutu ban mori rubutun ba.

Allah ya ƙara wa ƙafafunki ƙarfi.

Kakanki mai alfahari da ke,
Vovô Amâncio

Burlington,
13 ga Afrilu

Vovô nawa,

Ina gaishe ka, ina gaishe da gwiwoyinka, da Odília mai gardama.

Ƙunshin ya iso. A wurin aiki na buɗe shi, na shafa hannun rigar, sai na zauna a ƙasa. Abokiyar aikina ta zaci rasuwa aka yi mini.

Vovô, kunyoyin nan da gangan aka yi su. Su ne rigar. In iska ta bugi hannu mai santsi, sai ta rabu da shi da wuri, ta dunƙule a bayana tana ja na baya. Kunyoyin su ke sa ta manne da hannun har ta zagaya ta wuce. A kilomita arba'in suna iya rage mini kusan sakan talatin. Bara a wata gasa da sakan goma sha tara na rasa matsayi na uku, a wannan kuma uku na farko kawai ake tura wa gasar duniya ta masu shekaruna.

Ba zan iya shiga kanti in ɗauki wata ba, saboda dogon bayan nan da na gada a wurinka. A jikina aka yanka waccan, masu yin ta kuma sati goma sha huɗu suke ɗauka. Saura mini goma. Kocina ya aro mini ta wata yarinya, na gwada, kafaɗun suna kaɗawa kamar tutar gaban gidan waya.

Amma ka ji wannan. Kocin ya ɗaga rigar ya yi ta juya ta, ya ce duk wanda ya san ya sa wa yadin nan wuta narkar da shi ya yi, bai taɓa ganin wanda ya kwantar da shi haka ba. Ya ce, "Wane ne wannan?" Na ce kakana ne. Ya ce, "Gwani ne. Ki ɓoye masa sauran kayanki."

Kada ka sa abin a ranka, zan san yadda zan yi. Kuskure ɗaya dai na tafka: na ba Mãe, mahaifiyata, labarin a waya ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ka san 'yarka.

Ka ci abinci, ba burodi da kofi kawai ba.

Jikarka,
Fina

Somerset,
17 ga Afrilu

Pai,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ka tashi lafiya, kana kuma shan maganin hawan jininka a kan lokaci.

Rubutowa na yi duk da kogi kawai ya raba mu, domin in na zo na fara magana sai ka cire na'urar kunnenka ka ajiye a kan tebur kana murmushi.

Na ji abin da ya faru da rigar Delfina. Ita dariya take yi saboda tana sonka. Ni ma ina sonka, amma ni za a kira in wani abu ya faru. A Janairu ka bar buta a kan wuta har ruwan ya ƙafe. A Maris ka tafi wurin likita ranar Laraba alhali Alhamis aka ba ka. Yanzu kuma ka yi kwana biyu da dutsen guga mai zafi a kan kayan da ba naka ba, babu wanda ya sa ka. Shekararka saba'in da tara, kana hawa na uku kai kaɗai, a gidan katako.

Ni da Norberto mun je mun duba gidan kula da tsofaffi da ke nan kusa da mu. Akwai tsabta, akwai lambu, akwai 'yan tsibirin da muka fito da yawa, ranar Juma'a ma miyar ganye irin tamu suke dafawa. Ɗaki zai samu ranar ɗaya ga Yuli, na sa sunanka. Ba sa yarda da dutsen guga ko keken ɗinki a ɗaki, amma su za su riƙa yi maka wanki da guga.

Asabar zan zo in karɓi dutsen gugar. Don Allah kada mu yi faɗa.

'Yarka,
Graça

Fall River,
18 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Graça,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da mijinki Norberto kuna lafiya. Na karanta takardarki sau uku.

Kada ki wahalar da kanki ranar Asabar. Dutsen gugar yana cikin akwatin ƙarfe, makullin yana wuyana.

Maganar buta gaskiya ce. Laraba da Alhamis kuma, ki daina aiki shekara goma sha biyar ki ga ko za ki bambanta su. Amma rigar Fina, ki saurare ni da kyau. Wanda hankalinsa ya fara gushewa ƙona riga yake yi. Ya ɗora dutse ya manta, ya dawo ya tarar da rami. Ni ban manta komai ba. Abin da na sani na yi, na kuma yi shi daidai. Abin da na sanin ne bai dace da wannan rigar ba. Sunan wannan jahilci, ba ruɗewa ba, jahilci kuwa na san maganinsa domin na taɓa sha. Kina 'yar shekara goma sha biyu ke kike karanta mini takardun makarantarki, in sa hannu da gicciye. Bayan shekara biyu ni na rubuta wa shugabar makarantarku wasiƙa shafi biyu da hannuna. Kin tuna, don ke kika kai ta.

Wai za su riƙa yi mini guga. Ni, Graça?

Zan gyara rigar. Zan cire hannuwan da na kashe in sa sababbi. Mahaifiyarki ba keken ɗinkinta kawai ta bar mini ba, ta koya mini aiki da shi kafin ta tafi. Ki bar sunana a takardar mutanen nan in kina so, tawada ce kawai. In ranar gasar, ashirin da ɗaya ga Yuni, ta zo rigar ba ta sawuwa, ki zo da mota ranar ɗaya ga Yuli, ni da kaina zan sauko da jakata, ba za ki ji ko tari daga gare ni ba. In kuwa Fina ta yi tsere da ita, ki kira su ki ba su haƙuri.

Allah ya yi miki albarka, ya rage miki tsoro.

Mahaifinki,
Amâncio Raposo

Fall River,
9 ga Mayu

Zuwa ga jikata Delfina,

Gaisuwa da fatan alheri, ya gajiyar atisaye. Na gode da kika dawo mini da rigar ba tare da dogon bayani ba. Mahaifiyarki ta faɗa miki sharaɗin da na gindaya, don haka ba sai na maimaita ba.

Na koma makaranta, Fina. Ranar Talata da yamma na sa Odília ta kai ni Westport, inda 'yan tsohuwar ƙungiyarku suke tseren mil goma. Na je da kwat da hula da littafin rubutu. Wani dogo mai farin gemu, Brousseau, shi ke riƙe da agogo. Na ce masa ni kakan Delfina Medeiros ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne mai gugar?" Ashe labarin ya riga ni isa. Ya juya ga mutanensa ya ce, "Jama'a, kowa ya ɓoye rigarsa, ga shi nan ya zo."

Na ce masa, "Taka ba ta cikin haɗari. Wannan tumbin ya riga ya goge ta daga ciki."

Daga nan muka shirya. Suka yi layi kamar masu karɓar allura, ina bin su ina shafa hannuwansu. Wata likitar haƙori ta ce, "Baba, mijina ma bai taɓa duba hannuna haka ba." Na ce mata ai shi ba ya neman kabu. Na ga inda kunyoyin suke farawa da inda suke tsayawa, na ga duk ɗinkin an tura shi baya inda iska ba ta bugu, na ga bakin hannun ba a kalmasa shi, yanka shi kawai ake yi. Na rubuta komai. Talata uku ke nan ina zuwa, yanzu har kujera suke ajiye mini.

Yadin kuma Odília ce ta samo. 'Yar ƙanwarta tana aiki a wurin masu ɗinka kayan iyo da na wasanni a New Bedford. Ta ba ni ragowar yadi mai kunyoyi, ta kuma bar ni na zauna a kan injinsu mai kwantaccen ɗinki ranar Asabar. Sau huɗu ya cinye mini ƙyalle kafin muka fahimci juna.

Na bi awon da kika aiko, na yanka, na haɗa. Da na ɗora ta a kan gunkin awon kakarki sai ta zauna cif, hannuwan suka sauka sak kamar na soja a fareti. Odília ta ce ko a shagon Boston sai haka. Ga ta nan a ƙunshin. Ban kusantar da ita ga wuta ba, ko da ido.

Sa ki faɗa mini. Na san amsar, amma ina so in gani a rubuce.

Kakanki,
Vovô Amâncio

Burlington,
15 ga Mayu

Vovô,

Gaisuwa da yawa. Zan faɗa maka kai tsaye, don in na yi kwana-kwana za ka gane.

A tsaye, ban taɓa sa riga mai kyanta ba. Da na kwanta a kan keken, na miƙa hannuwa gaba na haɗa gwiwar hannu, sai ta tattare a hammata, ta ɗaure ni a baya, wuyan ya buɗe yana shan iska kamar bakin buhu. Laifina ne ma, a tsaye na yi awon. Rigar nan ba ta mai tsayuwa ba ce. Ta ƙwarai, in ka miƙe da ita sai ta matse ka ta tanƙwara ka gaba kamar mai neman allura a ƙasa. Sai ka hau keke take zama daidai.

Koci ya ce wasan ya isa haka, in ɗauki ta aro in huta. Na ce masa da rigar kakana zan hau, ko da rigar barci, ya zaɓa. 

Ina nan zuwa ranar Asabar, ashirin da huɗu, da keken da abin da ake kafe shi a ɗaki. Ka matsar da teburin kicin. Ka tanadi alli da fil da yawa.

Taka,
Fina

Somerset,
27 ga Mayu

Pai,

Ina gaishe ka da girmamawa. Akwai abin da na kasa faɗa ranar Asabar a gaban Delfina.

Miya kawai na kawo, niyyata in ajiye in tafi. Sai na tsaya a bakin ƙofar kicin awa biyu da kwano a hannu. Ita tana kwance a kan keken tana tuƙawa a wuri ɗaya, kai kana zagaya ta da fil a baki. Kana cewa, "Sunkuya yadda kike yi in kin gaji, ba yadda kike yi wa mai hoto ba." Tana cewa, "Vovô, ka soke ni." Kana cewa, "Ba ni ba ne, ke kika yi numfashi." Na ga ka farke hannun da ka yi sati uku kana ɗinkawa ba ka ko yi tsaki ba, ka juya shi gaba, ka zana sabon layi a bayanta da alli. Ka kira awo goma sha ɗaya da ka, na duba littafinka daga baya, babu ɗaya da ya kuskure.

Hankalinka lafiya lau yake. Na janye wannan maganar, ka yafe mini.

Amma na ga wani abu kuma. Da ka durƙusa don daidaita ƙasan hannun, ka kasa tashi. Ka kama ƙafar tebur, ka yi kamar fil kake nema, har ka samu ka miƙe. Da zan fita na haɗu da matar Pacheco ta hawan ƙasa. Ta ce a Fabrairu ita da mijinta suka ɗaga ka daga kan matakala, ka sa suka yi maka alkawarin ba za su faɗa mini ba. Yanzu ta faɗa ne saboda ƙarshen Yuni za su tashi, su koma wurin ɗansu. Na tsakiya kuma ba sa wuni a gida. In ka sake faɗuwa wa zai ji?

A kan matakalar nan na tarar da tawa Mãe, matarka, ta faɗi ta cika. Ba ka nan, ni na tarar da ita. Ba na so in sake buɗe ƙofar nan in ga abin da na gani.

Ban cire sunanka ba.

'Yarka,
Graça

Fall River,
22 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Graça,

Gaisuwa, gaisuwa, da fatan kina zaune, don labarin nan ba na tsaye ba ne. Na san Fina ta kira ki, amma ita lissafin minti kawai za ta ba ki. Ni na gani da idona.

Brousseau ne ya kai ni a motarsa, awa biyar, bai rufe baki ba, ni kuma na cire na'urata muka yi tafiya lafiya. Wurin bakin wani tafki ne, hanya miƙaƙƙiya, iska tana bugowa daga gefe. Fina ta fito daga tanti a cikin rigar, a tanƙware kamar ƙugiya, wuyan yana ja, kafaɗun sun matso gaba. A da, da na ga riga haka a jikin mutum sai in ji kunya. Jiya murna na yi.

Su masu keken nan ba sa maƙala wa kansu lamba, sai ɗaya ya sunkuya ɗaya ya soka masa, don takardar ta kwanta a baya. Wata ta zo za ta yi wa Fina, Fina ta ce, "Bari, ina da tela." Fil takwas na sa. Ko kusurwa ɗaya ba ta ɗaga ba.

Kocin nata ya zo ya tsaya a kanmu. Yaro ne, bai fi arba'in ba. Ya ce mata, "Ta aron tana mota, har yanzu da lokaci." Ta ce, "Bar ta ta huta." Ta hau keken ta kwanta. Graça, rigar ta bi bayanta kamar an zuba mata ita. Babu tattara ko ɗaya daga wuya har gwiwar hannu. Kocin ya zagaya ta sau biyu, ya sa yatsa yana neman inda zai tsunkula bai samu ba. Ya ce mini, "Wa ya koya maka wannan?" Na ce, "Ajin yamma, kowace Talata."

Wani ya riƙe mata sirdi, aka ƙirga daga biyar, aka sake ta. Daga nan babu abin gani, sai jira. Ban taɓa sanin awa ɗaya tana da tsawo haka ba. Brousseau yana ta danna agogonsa yana gunaguni, na ce masa in bai yi shiru ba zan goge masa gemu.

Ta dawo baki buɗe, fuska ta yi fari fat. Minti hamsin da takwas da sakan huɗu. Sauran mata shida ba su iso ba, muka tsaya muna ƙirga su ɗaya-ɗaya. Ta ƙarshen ta shigo da sakan bakwai a bayan Fina. Ta uku, Graça. 'Yarki ta uku a ƙasar nan kaf cikin masu shekarunta, za ta gasar duniya. Na jefa hulata sama ta faɗa tafki, ban bi ta kanta ba. Fina ta ce ƙafafunta ne suka yi aikin amma sakan bakwai ɗin nawa ne. Na karɓa.

Yanzu takardarki ta watan jiya, wadda ban amsa ba. Na faɗi a Fabrairu, gaskiya ne. Na ɓoye miki ne don na san abin da kika gani a wurin nan, ban so in ƙara miki. Ban kyauta ba. Amma a kan riga muka yi sharaɗi, riga kuma ta yi tsere. Ki kira mutanenki.

Mahaifinki, wanda bakinsa ya ƙi rufuwa,
Amâncio Raposo

Somerset,
24 ga Yuni

Pai,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka, ina yi wa kaina. Na karanta takardarka a kicin na yi kuka, Norberto ya karɓa ya karanta shi ma ya fita waje.

Amma kai ka gindaya sharaɗin, ni ban taɓa cewa na amsa ba. Matakalar tana nan yadda take, talatin da takwas. Masu gidan tsofaffin suna son amsata ranar Litinin.

'Yarka,
Graça

Fall River,
27 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Graça,

Bayan gaisuwa. Gidan tsofaffin nan ba zan je ba, ko Litinin ko wata Litinin. Wannan na gama.

Sai dai wata matsala ta taso mini ta sana'a. Tun da muka dawo, masu keke bakwai suka zo da rigunansu, wannan a rage kafaɗa, wancan a juya hannu. Kowa kuma sai ya hau da kekensa, tunda a kansa nake awo. Mutanen nan suna tuƙa kilomita ɗari kafin karin kumallo, amma ba su iya hawa bene ba. Takalmansu akwai ƙarfe a ƙasa, tafiya suke yi kamar agwagi. Jiya likitar haƙoran nan ta zame a hawa na biyu, ta sauko matakala shida a zaune, keken a wuyanta. Brousseau ya tsaya hutawa sau uku, ya iso yana cewa in kira masa Fada. Ba zan zauna ina kallo a karye a gidana ba.

Tunda su Pacheco za su tashi ranar Litinin, gidan kuma naku ne ke da Norberto, ina neman hawan ƙasa. Ɗakin gaba mai taga biyu zai ɗauki keken ɗinki da teburin guga, a kafe keken awo a tsakiya. Ƙofar a kan titi take, kowa ya turo kekensa ya shigo. Za a riƙa shige da fice har ki gaji da jin sunayensu.

Ki lura da kyau, saboda masu kawo aiki ne. Gwiwoyina ba su ce komai ba.

Mahaifinki,
Amâncio Raposo

Somerset,
28 ga Yuni

Pai,

Ina gaishe ka da girmamawa.

Na kira su, na ce su ba wani ɗakin. Norberto zai zo da ƙannensa biyu ranar Asabar mai zuwa su sauko da kaya. Kai ba za ka ɗauki komai ba, kujera za ka samu a ƙasa ka riƙa ba da umarni.

Na fahimta, saboda masu keken ne. Haka zan faɗa wa duk wanda ya tambaya.

'Yarka mai sonka,
Graça